Bindiga mai liba a farautar koyote: wacce za ta kai, wacce za ta gaza

Koyote ɗan'uwan dila ne da ke Arewacin Amurka, sai dai ya fi dila tsawon ƙafa da cikar gashi. Na yammacin Amurka yakan yi kilo 9 zuwa 16, na gabas kuwa, wanda jininsa ya gauraya da na kerkeci, yakan kai kilo 20 har ya ɗara. A Amurka babu jihar da ba ya cikinta sai Hawai. Wasu na harbinsa saboda ɓarnar da yake yi wa masu kiwon tumaki, wasu don fatarsa, wadda gashinta ke cika daga Nuwamba zuwa Janairu. Ko don me aka fito, abin da za a harba ɗaya ne: ƙirjin da zurfinsa bai wuce inci 5 zuwa 6 ba idan aka cire gashi. Duk maganar da za a yi a kan bindiga, a kan wannan ɗan faranti za ta ƙare.

Farautar kira ake yi masa. Maharbi yakan sami gindin bishiya ko dutse ya jingina, iska tana buso masa ta fuska ko ta gefe, ya kunna na'urar kira ko ya busa usur mai kwaikwayon kukan zomon da aka kama, sannan ya yi tsit na minti 15 zuwa 30. In babu motsi ya tashi, ya shiga mota ya sake wuri. A yini ɗaya ana iya zama takwas ko goma. Idan koyote ya amsa, sau da yawa a guje yake zuwa, wani lokaci su biyu, kuma kafin ya ƙaraso yakan kewaya ta inda iska ke kai warin mutum. Yana shaƙa zai juya. Saboda haka ana buƙatar bindigar da harbinta na farko, tun hancinta (dogon ƙarfen da harsashi ke bi ya fita) yana da sanyi, zai faɗa daidai inda aka saita, wadda za a iya sake ɗana ta ba tare da an sauke ta daga kafaɗa ba, kuma cika ta da juye ta sau goma a yini ba zai zama aiki ba.

Bindiga mai liba ita ce wadda ake ɗana ta da wani ƙarfe mai zobe da ke bayan kunama: a tura shi ƙasa, sakata ta ja baya ta fitar da kwanso, a dawo da shi, sabon harsashi ya shiga makwancinsa. Gara a faɗi gaskiya tun daga farko: bindiga mai sakatar hannu, wadda ake ɗana ta da jan sakata kai tsaye da hannu, ta rabin kuɗin mai liba, yawanci ta fi ta tara harsasai wuri ɗaya a takarda. Abin da mai liba ta fi shi ne sirantaka da daɗin ɗauka, saurin harbi na biyu, da kuma cewa bahago da mai hannun dama duk ɗaya ne a wurinta. A jihohi irin Kalifoniya da Niyok, inda doka ta takura wa bindigogi masu ɗana kansu irin AR-15, waɗannan dokokin siffar bindiga ba su shafe ta ba. Wanda ya zaɓe ta da waɗannan dalilai bai yi kuskure ba, muddin ya san cewa sunan ɗaya ne amma bindigogin iri biyu ne, kuma bambancinsu yana gidan harsashi: wasu a bututu suke ajiye harsasai, wasu a ɗan akwati inda harsasai ke kwance a kan juna.

Bututu ko akwati

Tsofaffin samfura, irin Winchester 1894 da John Browning ya zana da Marlin 336 da ta fito a 1948, suna ajiye harsasai a wani bututu da ke ƙarƙashin hanci, a jere, kan wannan yana tokare da gindin na gabansa. A tsakiyar gindin kowane kwanso akwai ɗan idon da allura ke sara wuta ta tashi. Idan ƙwayar harsashin baya mai tsini ce, tsinin yana zaune ne daidai a kan wannan ido, kuma girgizar harbi na iya sa ya tayar da shi a cikin bututun. Shi ya sa harsasan waɗannan bindigogi suke da kai mai faɗi ko dunƙulalle. Kai mai faɗi kuwa iska na cin sa, gudunsa ya mutu da wuri, ya riƙa faɗuwa kamar jifa.

Lissafin zai nuna girman abin. Harsashin .30-30 na masu bututu, mai ƙwayar giren 150 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne), idan aka saita shi a yadi 100, a yadi 200 ya sauka inci 7 zuwa 8, a yadi 300 ya haura ƙafa biyu. Harsashin .223 Remington mai giren 55, mai tsini irin wanda masu akwati ke ci, wanda ke fita da gudun ƙafa kusan 3,100 a sakan daga hanci mai inci 20, idan aka saita shi a yadi 200, a yadi 100 yana sama da inci ɗaya da rabi kawai, a yadi 300 kuma yana ƙasa da inci 7 zuwa 8. Wato da .223, daga bakin bindiga har wajen yadi 230, ka ɗora saiti a tsakiyar ƙirji ka danna, babu wani lissafi. Da .30-30 kuwa, bayan yadi 150 kuskuren yadi 30 wajen ƙiyasin nisa ya isa ya sa harsashi ya bi ta ƙarƙashin ciki.

Kamfanin Hornady ya rage wannan matsala da harsasan LEVERevolution, masu tsinin roba mai laushi da ba ya tayar da ido. Na .30-30 mai giren 160 ya fi na gargajiya miƙewa, yana ƙara wa maharbi kamar yadi 50 na nisan da zai amince da shi. Bai mai da .30-30 ta zama .223 ba, kuma ƙwayar barewa ce, an yi ta don ta huda ta fita. Akwai kuma tsohuwar dabarar masu cika harsashi da kansu: ƙwaya mai tsini ɗaya a makwanci, ɗaya tak a bututu, ba wanda ya tokari wani. Tana aiki, amma harbi biyu ke nan, kuma ranar da mantuwa ta sa aka ƙara na uku an shiga haɗari.

Bututun yana da wata illa da ba a cika ambata ba. A ɗaure yake da hanci, da zobe ko da sukuru, katakon gaba ma haka. Hanci na zafi yana buɗewa, abubuwan da aka ɗaura masa suna riƙe shi, sai ka ga harbi na huɗu da na biyar suna hawa sama a jere. A wasu bindigogin ma inda harsashi ke faɗawa yana canzawa tsakanin cikakken bututu da wanda ya kusa ƙarewa, don nauyin da ke rataye a hanci ya ragu. Inci 2 zuwa 3 a yadi 100 shi ne abin da za a sa rai daga irinsu, wanda ya sami mai yin ƙasa da haka ya riƙe ta da kyau.

Sai batun juyewa. Jihohi da dama sun hana ɗaukar bindiga da harsashi a ciki a mota, ga shi kuma ana shiga ana fita sau goma. Mai akwati, ka danna maɓalli akwatin ya faɗo hannunka, ka buɗe liba ka cire na makwanci, shi ke nan. Mai bututu da ake cikawa ta ƙofar gefe kaɗai, dole kowane harsashi ya bi ta cikin gidan sakata kafin ya fito, da yatsun da sanyi ya ƙandare, kusa da mota da abokin tafiya. A irin wannan lokacin ne bindiga ke tashi ba da niyya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai farautar kira ya karkata ga akwati.

Masu akwati

Henry Long Ranger, wadda ta fito a 2016, ita ce ta fi dacewa da yawancin masu wannan farauta. Kan sakatarta yana juyawa ya kulle da haƙora shida a cikin gindin hanci, kamar yadda ake yi a bindigogin zamani, kuma hancin bai taɓa katakon gaba ba, a sake yake. Tsawonsa inci 20, nauyin bindigar kusan kilo 3.2 kafin a ɗora madubi, wato na'urar saiti mai jawo nesa kusa. Akwatinta na ɗaukar harsashi 5 a .223, 4 a .243 Winchester da .308. Murɗin cikin hancin .223, wato zanen da ke sa ƙwaya juyawa, zagaye ɗaya ne a inci 9, wanda ke riƙe ƙwaya daga giren 40 har wajen 69 ba tare da ta yi tangal-tangal a iska ba. An buga mata .223 da 5.56 duka a jiki, don haka tana cin kowanne. Da harsashin da ta so, inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yadi 100 abu ne da ake samu. Ba ta da makullin dannawa, kariyarta wani ƙarfe ne a cikin guduma (abin da ke bugun allura) da ba ya bari ta isa allura sai an ja kunama. Akwai samfurin Express mai hanci inci 16.5 da zare a baki don ɗaura salansa, na'urar rage ƙarar harbi, sai dai gajeren hanci na rage gudu da kamar ƙafa 100 zuwa 150 a sakan, yana kuma ƙara ƙara.

Abin da za a ce mata: ƙotarta ta katakon walnut na Amurka ce mai kyau, kuma farautar koyote ta zaman ƙasa ce, cikin ƙanƙara da ƙaya da tsallake shingen waya. Za ta karce. Akwatin ajiya na biyu ba shi da arha, kuma wani lokaci idan ya cika taf, sakata a rufe, sai an bi shi da tafin hannu kafin ya kama. In bai kama ba, za ka buɗe liba ka rufe ka ga babu abin da ya shiga, ko akwatin ya faɗo cikin ciyawa. Duk lokacin da ka sa shi, ka ja shi ƙasa da yatsa ka tabbatar. Sabuwar Henry Supreme ta magance batun akwati, don tana cin na AR-15 da ke ko'ina, gudumarta a ɓoye take, makullinta na bayan gidan sakata inda babban yatsa ke zama. Dogon akwati na tokarin gwiwa idan mutum na zaune, a nemi gajere mai 5 ko 10, a kuma duba ko jihar ta ƙayyade yawan harsashi.

Browning BLR ta girme ta sosai, tun 1971 take kasuwa, kamfanin Miroku na Japan ke ƙera ta. Ta fi sauƙi, kusan kilo 3, an kuma yi ta a .223, .22-250, .243 da wasu da yawa. Libarta na aiki ne da giya mai haƙora, kuma kunama na tafiya tare da libar idan aka buɗe, don haka ba ta matse yatsa wajen rufewa. Aikin ƙarfenta da santsinta ba su da abin kushewa. Matsalarta kunama: sau da yawa sai an ja fiye da kilo 2 da rabi kafin ta saki, ga ɗan ja-ja kafin sakin. A bindiga mai kilo 3, kunamar kilo 2 da rabi na nufin kana ƙoƙarin jan kusan nauyin bindigar da yatsa ɗaya ba tare da ta motsa ba. A yadi 100 ba za a lura ba, a yadi 250 za a lura. Masu gyaran bindigar da suka iya taɓa kunamar BLR kuma ba su da yawa. Gargaɗi na biyu: kada ka kwance giyarta. Haƙori ɗaya aka kuskure wajen mayarwa, sakata ba za ta kulle daidai ba, sai an kai wa ƙwararre. A wanke hancinta da igiyar sharewa ta baya, ko da sanda ta baki tare da mazurarin da ke kare leɓen hanci.

Long Ranger da BLR dukansu sabbi sun haura dala 1,000, ban da madubi. Wanda ke son tsohuwa ya duba Savage 99, wadda ta fito a 1899 aka daina ƙera ta a ƙarshen shekarun 1990. Yawancinsu gidan harsashinsu wata ƙwarya ce mai juyawa a cikin gidan sakata, kowane harsashi da gurbinsa, don haka tun fiye da shekara ɗari da suka wuce take cin ƙwaya mai tsini. A .250 Savage, wanda ya fito a 1915 da ƙwayar giren 87 mai gudun ƙafa 3,000 a sakan, ko a .243, bindigar koyote ce ta gaske. A duba tsagewar ƙota a bayan gidan sakata, wurin da suka saba tsagewa, a kuma sani cewa na farko-farko ba a huda su don madubi ba, huda su kuma na zubar da darajarsu. Winchester 88, ta 1955 zuwa 1973, ita ma ana samunta a .243.

Wane harsashi

Ga mai son fata kuma harbinsa bai wuce yadi 250 ba, .223 ya isa, ga arha, ga shi a kowane kanti, kuma bugunsa a kafaɗa kaɗan ne har kana iya ganin inda ya sauka ta cikin madubi. Ƙwaya ita ce abin lura. Mai tsinin roba ta giren 50 zuwa 55, irin V-Max ko Ballistic Tip, tana shiga ta ƙaramin rami ta tarwatse a cikin ƙirji, sau da yawa ba ta fita, fata ta tsira. Ta giren 40 mai tsananin gudu, idan ta haɗu da ƙashin kafaɗa a kusa, takan fashe a waje ta bar rauni mai faɗi marar zurfi, dabbar ta gudu da shi, ta mutu a wahale inda ba za a same ta ba. Mai kan dalma ta giren 55 takan fita ta ɗaya gefen da ramin da za a iya ɗinkewa, ta kuma fi yafiya idan kusurwa ba ta yi kyau ba. Mai cikakkiyar rigar tagulla irin ta soja ba ta buɗewa, tana wucewa kamar allura, a bar ta ga harbin takarda. A Kalifoniya an hana farauta da dalma baki ɗaya tun 1 ga Yulin 2019, kuma ƙwayar tagulla zalla ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka tana son murɗi mai sauri.

A nan .22-250 ke ba mutane kunya. Gudunsa ya kai ƙafa 3,680 a sakan da giren 55 daga hanci mai inci 24, amma a hancin inci 20 na mai liba wani kaso na wannan gudu yana ƙarewa ne a wuta da ƙara a bakin bindiga. Da yawa daga cikin hancinan gargajiya kuma murɗinsu ɗaya ne a inci 14, ba sa riƙe ƙwaya mai tsawo: za ka ga ramin da ta yi a takarda ya zama dogo, alamar a karkace ta shiga. Har yanzu ya fi .223 miƙewa da inci biyu ko kusa da haka a yadi 300, amma a tambayi murɗi kafin a biya.

A filayen Wayomin, Montana da Nebaraska iska ce ke hana harbi, fiye da nisa. Iskar mil 10 a awa daga gefe na ture .223 mai giren 55 da inci 10 zuwa 11 a yadi 300, wato kusan ninki biyu na zurfin ƙirjin da ake nema. .243 mai giren 75 zuwa 87 tana tsayawa a inci 7 zuwa 8, tana kuma kayar da babban koyote nan take ko da an ɗan kauce. Ga mai son bindiga ɗaya da za ta yi masa koyote da barewa, ita ce amsa. Fata ce za ta biya kuɗin. A kan yanyawa mai kilo 4 zuwa 6 ko kyanwar dajin nan mai guntun wutsiya da ake kira bobkat kuwa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Fatar bobkat ita ce mai tsada a cikinsu, tana buƙatar alamar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, kafin a fitar da ita ƙasar waje, kuma rami mai faɗin dunƙulen hannu a fatar cikinta, inda ɗigo-ɗigon da ake saye yake, ya gama da ita.

Kada wannan ya sa a raina masu bututu a inda suka dace. A dazuzzukan gabas da sarƙaƙiyar kudancin Teksas, inda koyote ke ɓullowa a yadi 40 ya ɓace a yadi 70, gajeriyar bindiga mai liba mai cin .357 Magnum tana da wuyar dokewa: Marlin 1894, wadda kamfanin Ruger ke ƙerawa tun bayan da ya sayi sunan Marlin a 2020, ko Henry Big Boy, ko Rossi R92 ta Barazil ga mai ƙaramin aljihu. Harsashin da ke fita da gudun ƙafa kusan 1,250 daga ƙaramar bindigar hannu yana kai wa wajen 1,800 a dogon hanci da ƙwayar giren 158. A saita shi a yadi 100, zai hau inci ɗaya da 'yan kai a yadi 50, ya sauka kusan inci 6 a yadi 150. Iyakarsa ta gaskiya yadi 125. Mai kan dalma ta giren 158 ta fi kyau, don masu rami a kai na giren 110 da 125 an yi su ne don gudun bindigar hannu, a wannan gudun tarwatsewa suke yi a kan fata. Wanda ya yi atisaye da .38 Special ya goge makwanci da buroshi kafin ya koma .357, domin gajeren kwanso na barin zoben ƙura da ke riƙe dogon.

.30-30 da ke rataye a gida kuma ba sai an sayar ba. Cikin yadi 150 tana kashe koyote sarai, ga mai kare garke da bai damu da fata ba ta wadatar. Ƙananan nan biyu, .22 Magnum da .17 HMR, waɗanda Henry ke yi a liba masu daɗin hannu, na yanyawa ne. Ƙarfin .22 Magnum a bakin bindiga kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na .223. Yana iya kashe koyote a yadi 50 zuwa 75 idan an sa shi daidai, amma dabbar da ke zuwa a guje ba ta cika ba da wannan dama ba, kuma koyote na da taurin rai fiye da girmansa. .17 HMR mai giren 17 bai kamata a nufi koyote da shi da gangan ba.

Madubi, guduma da zama

Saitin ƙarfen da ke zuwa da bindiga bai isa ba. Ɗigon da ke kan hanci, mai kaurin kashi ɗaya cikin 16 na inci, yana rufe kusan inci 7 a yadi 100, wato ya haɗiye ƙirjin gaba ɗaya, kuma da asuba da almuru, lokacin da koyote ya fi amsa kira, ba a ganin sa sosai. Madubi mai ninki 2 zuwa 7 ko 3 zuwa 9, gilashin gaba bai wuce milimita 40 ba, ya ishi .223 da .243. A bar shi a mafi ƙanƙantar ninki yayin kira: in dabba ta tsaya a nesa akwai lokacin ƙarawa, in ta faɗo kusa babu lokacin ragewa. Ga .357, mai ninki 1 zuwa 4 ko mai jan ɗigo ya fi. Marlin na fitar da kwanso ta gefe, samanta a rufe, madubi na zama lafiya. Winchester 94 ta kafin farkon shekarun 1980 ta sama take fitarwa, kwanso zai bugi madubi, sai samfurin Angle Eject da ya biyo baya.

Ƙotar yawancin masu liba a sunkuye take, an yanka ta don saitin ƙarfe. Ka ɗora madubi a dogayen zobba, sai kunci ya bar katako, haɓa kaɗai ke taɓawa, ido na yawo. A yi amfani da zobba mafi gajarta da za su bar madubi bai taɓa hanci ba, in bai isa ba a ɗaura matashin kunci. Gajerun zobba kuma na kawo gindin madubi dab da guduma, babban yatsa ya rasa wurin shiga, musamman da safar hannu. Maganinsa ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa guduma ya fito gefe. Sukurunsa ƙarami ne, girgiza na kwance shi, a ɗiga masa gam mai shuɗi na riƙe sukuru a duba shi kafin kowace fita. Sukurun zobba kuwa a ɗaure su da ma'aunin da mai zobban ya rubuta, yawanci inci-fam 15 zuwa 18. Gidan sakatar BLR da Long Ranger na alminiyom ne, ƙarfin hannu na iya cinye zaren.

A Marlin mai makullin da ke ratsa gidan sakata, ana iya jan kunama makulli na kulle, guduma ta faɗo ta tsaya a kansa. Ƙas kawai za ka ji, koyote ma ya ji. Ka tsayar da tsari ɗaya tun a gida: bayan an zauna, baki na kallon inda kira zai kawo dabba, a ɗana, a san halin da makulli yake. Ƙarar jan guduma na tafiya nesa a safiya mai sanyi, a ja ta tun dabbar na nesa ko tana bayan wani daji. Sauke guduma a kan harsashi da safar hannu mai santsi kuwa shi ne wurin da ya fi kowane haɗari a wannan bindiga, a cire safar, baki na kallon ƙasa.

Liba na buƙatar fili a ƙarƙashinta, kusan taƙi guda, don haka harbin kwance ba nata ba ne. A zauna, baya a jingine, a ɗora katakon gaba a kan gwafar sanda biyu kusa da gidan sakata. Kada a ɗora hanci ko bututu a kan gwafa, harsashi zai tashi sama. Ɗana ta kuma da ƙarfi ake yi, har ƙarshe gaba, har ƙarshe baya, ƙota ba ta bar kafaɗa ba. Mai lallaɓa ta ko mai tsayawa rabin hanya don sauri, ko dai ya rufe a kan makwanci fayau ko harsashi ya gicciye. A sayi harsasan wofi na atisaye a yi ta maimaitawa a zaune har hannu ya saba. A tsofaffin Marlin akwai wata cijewa sananniya: kaifin gefen liba na cin cokalin da ke ɗaga harsashi har ya yi masa gurbi, cokalin ya makara, harsashi na biyu ya zamo daga bututu ya danne komai. A daji sai an kwance sukurun liba. Mai gyara zai canza cokalin ya kashe kaifin. Ƙarfin zare kwanso na liba bai kai na sakatar hannu ba, don haka harsashi mai kwanson baƙin ƙarfe, ko wanda aka sake cikawa ba a matse shi har gindi ba, yakan liƙe. A lokacin ƙanƙara a goge mai mai kauri daga allura da sakata, yana daskarewa ya rage ƙarfin sara.

Ga mai niyyar salansa, wadda sai an yi mata rajista da gwamnatin tarayya kuma ba kowace jiha ta yarda a yi farauta da ita ba, mai liba tana da daɗi, don a rufe take lokacin harbi, hayaƙi ba ya dawowa fuska. Amma in mai bututu ce, ta zama mai ƙofar gefe: wadda ake cikawa ta gaba kaɗai, salansa na tare hanyar zare bututun. Farautar dare, fitila, madubin zafin jiki da na'urar kira duk kowace jiha da dokarta, a karanta littafin dokar shekarar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A sayi kwali uku ko huɗu na harsashi daban-daban, a harba uku-uku a yadi 100 daga kan buhun yashi, a bar hanci ya huce minti biyar tsakani, a rubuta inda harbin farko na kowace rana ya faɗa, don shi ne zai sami koyote. Wanda bindiga ta fi so a sayi kwalaye da yawa masu lambar ƙira ɗaya. Daga nan a bar tebur, a kafa farantin takarda mai inci 6, a zauna a ƙasa da gwafa da rigar sanyin da za a sa, a harba biyar a yadi 100, 150, 200, 250. Nisan ƙarshe da biyar ɗin suka shiga faranti, nan ne iyakarka da wannan bindiga. Idan koyote ya zo yana sassarfa, haushi ɗaya da baki yakan tsayar da shi na sakan biyu ko uku. In ya ba da gefe, a bi layin ƙafar gaba a hau zuwa ɗan ƙasa da tsakiyar jiki, domin gashin hunturu da ke gadon bayansa na ƙara masa inci biyu ko uku da babu nama a ciki, kuma a cikin wannan gashin yawancin harbin da ya wuce ta sama ke bi. In ya fuskance ka, inda wuya ya haɗu da ƙirji.